Zankwayen Gidan Ashafa

Ranar Talata, 14 ga Janairu, 2025, Madina ta wayi gari da sanyi da ɗan yayyafi.

Akwai wani direba a unguwar Jurf mai suna Ashafa. Shekara biyu ke nan yana gina kwatankwacin gidan mahaifinsa na Damagaram da bulullukan roba na wasa, waɗanda yake saya a buhu a kasuwar gwanjo. Gidan na ainihi ya daɗe da rushewa. 'Yarsa Afnan, ɗalibar jami'a haifaffiyar Madina, ba ta taɓa ganinsa ba. Ko da Hausa ya yi mata magana, da Larabci take amsawa.

Kamfanin bulullukan ya sa gasa, don haka a wannan ranar, Afnan ta zauna tana fassara masa takardar shiga. Can sai ta tsaya. Dokar gasar ta hana amfani da duk ɓangaren da aka ƙera da lasisin wani kamfanin fim, kuma sai mutum ya sa hannu cewa babu irinsa a aikinsa.

Ta nuna tsinayen da ya kafa a kusurwoyin rufin a matsayin zankwaye. Ashe ƙahonin hular wani jarumin fim ne da suka zo a cikin buhun gwanjo.

Ashafa ya tsura wa rufin ido. Idan ya cire su, gidan ya koma akwati kawai.

Maƙwabcinsa Zakiru ya leƙo, ya kwashe da dariya. "Haba Abu Afnan! Shafa musu fenti, khalas, shi ke nan. Wa zai taso daga Turai ya shinshina maka rufi?"

"Su ba za su zo ba," in ji Ashafa. "Amma wadda ta karanta mini dokar tana nan zaune."

Ya ciccire ƙahonin ɗaya bayan ɗaya.

Kwana shida shi da Afnan suna tona buhu, suna neman abin da zai maye gurbinsu. Su gwada wannan ya faɗi, su gwada wancan ya yi kama da hancin jirgi. Tana tambaya, yana ba ta labarin zauren, da rijiyar, da inda kakarta ke shanya kuɓewa. A rana ta bakwai ta haɗa wasu ƙananan bulo biyu masu gangara, baya da baya.

"Baba," ta ce da Hausa tsantsa, "ga zankonka ya tsaya."

Ashafa ya juya kai, wai wani abu ne ya faɗa masa a ido.

Washegari ya sa hannu, ya haɗa da hotuna, ya kai gidan waya ya aika wa kamfanin. Ko zai ci gasar, bai sani ba. A bayan ambulan, Afnan ce ta rubuta sunan aikin: Gidanmu.

Darasi: Abin da za mu sa wa hannu, ya zama za mu iya kallon 'ya'yanmu a kansa. Ku tura wa iyayen da kuka sani, Allah Ya sa mu dace.