Warin Marina da Kujerar Waziri

An yi wani sarki a birnin Tsaunin Gamji, ana kiransa Barmo, mai kaifin hankali amma gajeren haƙuri. Da wazirinsa ya rasu, sai ya tara malamai ya ce wanda ya warware masa mas'ala guda shi zai gaji kujerar. Mas'alar kuwa ita ce marinar da ke bayan fada, wadda warin baban rininta ke shigo masa zaure: a cike ramukanta ko a bar su?

Da yake sarki ya yi tambayar yana toshe hanci, malamai uku suka miƙe bi da bi suka ce a cike, kowa da hujjarsa mai tsawo. Ni dai ban ga ilimi a nan ba, hancin sarki kawai suka karanta.

Sai aka zo kan wani tsoho matalauci, Malam Mijinyawa. Ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ba zan ce a cike ba."

Sarki ya ce, "Ko da za ka bar garin nan kafin la'asar?"

Ya ce, "Ko da haka ne. Ni kafin in ba da shawara nakan tambayi kaina, in mun yi kuskure, ana iya komawa? Sannan a kan wa kuskuren zai faɗa? In ka mai da zamanka zauren gabas ka ga bai yi maka ba, gobe ka dawo, ba ka rasa komai ba. Amma ramin marina sai ya shekara bakwai yana shan baba kafin ya ba da shuɗi na kirki. In ka cike shi yau, gida arba'in za su rasa abinci, nadamarka kuma ba za ta tono shi ba. A fara gwada wadda ake iya warwarewa."

Ran sarki ya ɓaci, ya ce, "Ni zan tashi saboda marina?"

Tsoho bai sunkuyar da kai ba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, rawanin da ke kanka daga ramin nan ya fito."

Sarki ya shafa rawaninsa, ya dubi shuɗin da ya shafe masa yatsu, kunya ta kama shi. Ya yi umarni a kwashe shimfiɗarsa zuwa zauren gabas, ya miƙa wa Mijinyawa alkyabbar waziri.

Tsoho ya ce, "Zan karɓa bisa sharaɗi guda: in ana shawara, kai ne za ka yi magana a ƙarshe, don kada a riƙa bin ra'ayinka."

Sarki ya yarda, marina kuma ta ci gaba da warinta. Adalcin mai mulki shi ne ya ɗora wa kansa wahalar da ke wucewa, kafin ya ɗora wa talakawansa wadda ba ta da gyara.