Gam a Kan Koren Fayif

Akwai wani mai aikin famfo a Suleja, sunansa Titus. Ya iya aiki, sai dai bai taɓa haɗuwa da aikin da ya kai a ɓata masa lokaci ba.

Wata safiya wani ɗan haya a unguwar Kwamba, mai suna Khamis, ya kira shi ya sa masa hitar dafa ruwa a banɗaki. Matarsa ta haihu, surukarsa Mama Rabi ta zo wankan jego, hayaƙin itace kuma ya ishi maƙwabta.

Fayif ɗin gidan kore ne, irin wanda ake haɗawa da injin zafi. Titus kuwa fari ya kawo, na ruwan sanyi, wanda ake liƙawa da gam. Gam ba ya kama kore, farin kuma ba ya jure tafasasshen ruwa. Titus ya san duka biyun. Amma wani aiki na jiransa a Abuja.

Sai ya kunna takarda, ya gasa bakin farin, ya cusa koren a ciki, ya shafe da gam.

Mama Rabi ta leƙo. "Ɗana, wannan zai riƙe kuwa? A ƙarƙashinsa nake yi wa jaririyar wanka."

"Mama, ko giwa ta rataya a nan, ba abin da zai faru."

Ya shiga motar haya zuwa Abuja. Daidai dutsen Zuma, wata mata a gefensa ta ɗaga gorar roba da ta zuba kunu mai zafi a ciki. Gorar ta lanƙwashe, ta yi laushi kamar ganyen da aka dafa.

Titus ya ƙura mata ido. Ya tuna farin fayif ɗin da ya baro.

Ya kira Khamis, a kashe. Ya kira gidan, ba a ɗauka ba.

"Direba, tsaya! Akwai sauka!"

Ya tsallaka titi bai duba ba, ya haye acaɓa. Duk hanya addu'a ɗaya yake yi, Allah ya sa an ɗauke wuta. Ranar kuwa, abin mamaki, ba a ɗauke ba.

Tun daga ƙofar gida ya ji ihu. Fayif ɗin ya fizge, ruwa na feshi, tururi ya cika banɗakin. Mama Rabi na durƙushe, ta kife a kan jaririyar, ruwan yana sauka a gadon bayanta.

"Kar ka tsaya kallona, kashe ruwan!" in ji ta.

Jaririyar ba ta ƙone ba. Bayan Mama Rabi kuwa ya saɓule.

A asibiti Titus ya tsaya jiran mari. Khamis bai mare shi ba. Jaririyar ya miƙa masa.

"Riƙe ta. Taɓa fatarta ka ji."

Titus ya taɓa. Sai ya zauna a ƙasa.

Darasi: Aikin da ka yi cikin gaggawa ka tafi, wani ne zai zauna a ƙarƙashinsa. Ku tura wa duk mai aikin hannu da kuka sani, musamman wanda kullum yake sauri.