Burodin da Ya Cinye Tanderu

An yi wani mutum, ya 'yan uwa, mai gidan burodi. Ba shi ya gina tanderun ba, gadonsa ya yi wurin mahaifinsa, wanda ya jera tubalin da hannunsa tun layin bai cika da shaguna ba. Shi ya sa kowa ke kiransa Mai Tanderu. Burodinsa da laushi, da nauyi a hannu, in aka fito da shi ƙamshin sai ya kai bakin titi. Allah ya rufa masa asiri. Ga motar kai wa shaguna kaya, ga injin kwaɓa fulawa, iyali na ci suna sha.

Cikin ma'aikatansa akwai wani magidanci da ake ce wa Dogo. Ya daɗe a gaban wutar nan har gashin hannunsa ya ƙare. Da ya tara ɗan abin da ya tara, ya zo ya durƙusa ya ce, "Maigida, ina so in gwada tawa sa'ar. A sa mini albarka." Mai Tanderu ya ce Allah ya ba da sa'a. A ransa kuwa dariya yake yi, wai ba za a jima ba zai dawo yana roƙon tsohon aikinsa.

Dogo bai dawo ba. Ya sami wani ɗan shago mai arahar haya a tsallaken titi, ya sa ƙaramin tanderun ƙarfe, ya fara gashi. Kafin a ce me, mutane sun fara tsayawa a ƙofarsa.

To, ku saurara da kyau, domin a nan maganar take. Cinikin Mai Tanderu bai ragu ba. Ƙaruwa ma ya yi, don yanzu an san layin da burodi, daga nesa ake zuwa, wanda bai samu a can ba ya tsallako nan. Amma me ya gani? Bai ga mutanen da ke gabansa ba, na gaban Dogo ya gani. Zai zauna bakin kanta, hannu na karɓar ciniki, ido na tsallaken titi. Ranar da Dogo ya yi wa ƙofarsa sabon fenti, bawan Allah nan abinci bai shiga cikinsa ba. Hassada ce, ba ta da wani suna.

Sai ya karya farashi. Ba ragi irin na ɗan kasuwa ba, wanda zai rage riba don kaya su yi gudu. Shi ƙasa da abin da ya kashe ya koma. Fulawa da sukari da yis da itace da ladan ma'aikata, duk in aka haɗa sun fi abin da yake karɓa a kan kowane burodi.

Layin masu saye ya koma ƙofarsa har ya toshe hanya. 'Yan sari suna zuwa da kwali-kwali, su kwashe, su kai wata unguwa su sayar yadda aka saba. Shi kuwa yana tsaye yana washe baki. Ya manta cewa in kowane burodi faɗuwa ne, to yawan ciniki yawan faɗuwa ne. Wanda ke ɗiban ruwa da kwando, in ya ƙara sauri me zai ƙara in ban da gajiya?

Dogo ya tsallako ya gaishe shi da ladabi, ya ce, "Maigida, wannan farashin ko kuɗin fulawa ba zai fitar ba. Kasuwar nan ta ishe mu mu biyu."

Ya ce, "Yau kai za ka koya mini sana'ar ubana?"

Dogo ya ba da haƙuri ya koma. Ya duba ya ga ba zai iya gasa burodi a wannan farashin ba, kuma ba shi da niyyar ƙona jarinsa don a ce ya jure. Sai ya kashe tanderunsa. Ranar Mai Tanderu kamar an yi masa albishir da Aljanna. Ya shiga gida yana ce wa matarsa ai ya gama da shi.

Ba a yi nisa ba sai ga bencuna a ƙofar Dogo, ga tukunyar ruwan zafi, ga kiret ɗin ƙwai, ga bota da madara. Dogo ya lura da abin da maigidansa bai lura ba, cewa burodi ba ya tafiya shi kaɗai. Wanda ya sayi burodi da araha, canji ya rage a aljihunsa, kuma maƙogwaronsa a bushe yake. Sai mutum ya sayi burodi wurin Mai Tanderu, ya tsallaka titi, ya zauna ya sa a haɗa masa shayi a soya masa ƙwai. Shi ma Dogo a fili yake aikowa a saya masa, kamar kowa, ya biya abin da aka yanka. Taron da ke ƙofarsa ya ninka na da. Ba a banza aka ce hassada ga mai rabo taki ba.

Ya 'yan uwa, ba nan ne wurin da mai hankali zai tsaya ba? Ya ce astagfirullah, ya mayar da farashinsa, ya kama gabansa. Amma Shaiɗan ya riga ya sami wurin zama. Yana raɗa masa, in ka ɗaga farashi Dogo zai sake kunna wuta, duk abin da ka zuba ya tafi a banza. Ai ya riga ya tafi! Abin da ya ƙone jiya ba ya dawowa don ka ƙara itace yau.

Jari ya fara ja da baya. Ya sayar da motar, shagunan da yake kai wa kaya suka koma wurin wasu. Ya rage sukari, ya rage awo, burodin nan mai nauyi ya koma iska, ka matsa shi ya shige tafin hannu. Sunan da mahaifinsa ya bari ya zube. Sannan injin ya bi motar. Ma'aikata suka gaji da kwaɓi da hannu kan ladan da ba ya zuwa kan lokaci, suka zame ɗaya bayan ɗaya.

Matarsa ta same shi a tsakar gida ta ce, "Maigida, don Allah me mutumin nan ya ɗauka naka? Da muna cin riba, yanzu tanderun muke ci tubali-tubali." Ya ce mata ba ta san kasuwa ba, ta bar maganar maza.

Duk da haka Allah bai rufe masa ƙofa ba. Dogo ya sake tsallakowa, ya cire takalmi, ya ce, "Maigida, a wutar nan na koyi abin da nake ci da shi, ba na so in ga ta mutu. Ka dawo da burodinka na da, ka sa farashin da zai fitar da kai. Duk abin da ka gasa ni zan ɗauka. Kai ka gasa, ni in sayar."

Kun ji fa. Ceto ya zo har ƙofa, a durƙushe. Me ya hana shi karɓa? Ya hango ne cewa in ya tsira, Dogo ma zai ƙaru. Ya ce, "Gara in rufe da in ci arziki ta hannunka."

Aka kuwa rufe. Da ba abin da ya rage na sayarwa, ya sayar da wurin ga wani mai tayoyin mota. Mai taya ba ruwansa da tarihi, fili yake so. Mai Tanderu na tsaye aka sa guduma aka rushe ginin mahaifinsa, aka loda baƙin tubalin a baro aka zubar bayan layi. Ya yi kuka, kuka na gaske, har mutane suka kau da kai.

Da araha ta ƙare, farashi ya koma inda yake, Dogo ya sake kunna tanderunsa. Yanzu burodi nasa, shayi nasa.

Mai Tanderu yana raye. Da safe matarsa kan fita ta sayo burodi, kuma a layin babu na kowa sai na Dogo. Takan tsaya a zaure ta cire ledar mai suna, ta sa a faranti ta kawo masa, don kada ransa ya ɓaci. Ya gutsura ya kai baki. Kuna tsammani bai gane ba? Kwaɓin gidansu ne, awon mahaifinsa ne, shi da kansa ya koya wa Dogo. Yana sane, ita ma ta san yana sane. Haka yake cinyewa.

Ya 'yan uwa 'yan kasuwa, farashi ma'auni ne, ba sanda ba ce ta dukan maƙwabci. Kafin ka yanka shi, ka tambayi kanka: don in samu nake yi, ko don wane ya rasa? In amsar ta biyu ce, to ka sani daga aljihunka za a biya, kuma har da abincin 'ya'yanka. Rabon wani ba daga naka aka yanko shi ba. Wanda ya ba shi, shi ya ba ka, kuma taskarsa ba ta ƙarewa. Mutumin nan ba gobara ce ta ci shi ba, ba ɓarawo ba, ba faɗuwar kasuwa ba. Idonsa ne ya ƙi zama a ƙofarsa.

Allah ya wanke zukatanmu daga ƙyashi. Allah ya sa mu ga alheri a hannun ɗan uwa mu ce masha Allah har cikin rai. Ya sa albarka a ɗan abin da ke gabanmu, ya kiyaye mu da rushe gidajenmu da hannunmu. Amin.