Akun da Ya Riƙe Muryar Jatau

Ku matso kusa, ga ta nan tafe, ga ta nan gare ku.

Ta iso, kunnuwanmu na jira.

Wata tsohuwa ce mai daddawa, sunanta Yalwa. Ɗanta ɗaya a duniya, Jatau mai haƙar rijiya. Ran nan ya shiga rijiya, ƙasa ta rufta da shi. Ko gawarsa ba a samu ba.

Bai bar mata ba, bai bar ɗa ba. Aku ya bari, tsoho mai jar wutsiya. A bakin akun nan akwai maganar Jatau guda uku, da muryar Jatau sak. "Inna, akwai sauran tuwo?" "Inna, bar kayan nan, ni zan ɗauka." Ta ukun, wadda ke tsinka mata zuciya: "Inna, na dawo!" Har da 'yar dariyarsa a ƙarshe. Don ta ji wannan kaɗai Yalwa ke tashi da safe.

Shekara ta bi shekara, gashin aku ya soma zuba. Aku ya ce, "Iya, na tsufa. Ranar da na mutu, muryar nan ta mutu. Nemo ƙaramin aku in zuba masa."

Yalwa ta ja tunkiyarta, ita ke nan gare ta, ta ba fatake, suka ba ta ɗan aku mai ƙarfin baki. Ta dawo da rawar jiki, ta nufi kejin tsoho.

Tsoho ya ce, "Tsaya, Iya! Mu ba haka muke karɓar baƙo ba. Kwana bakwai ki ajiye shi a zaure, mu ji juna, kada mu ga juna. Kwana bakwai a tsakar gida, mu ga juna daga nesa. Kwana bakwai keji a jikin keji. Sannan ki buɗe ƙofa. Kafin nan, duk wanda ya shigo min, sai jini ya zuba. Ba mugunta ba ce, haka aka halicce mu."

Ta ce, "Na ji."

Bakwai na fari, tsoho yana faɗa daga ɗaki, ƙarami yana maimaitawa daga zaure. Ran bakwai ƙarami ya ce, "Inna, akwai sauran tuwo?" Yalwa ta yi dariya har da hawaye.

Bakwai na biyu, suna hangen juna, suna kumbura gashi, suna faɗa suna maimaitawa. Ran bakwai ƙarami ya ce, "Inna, bar kayan nan, ni zan ɗauka." Yalwa ta sauke tulu ta zauna a ƙasa.

Ta ce wa tsoho, "Saura ta ukun fa?"

Ya ce, "Wannan tana da dariya a ciki. Dariya ba ta koyuwa daga nesa, sai kai a jikin kai. Bari bakwai ɗin ya cika."

Aka jera keji a jikin keji. Kwana ɗaya, tsoho ya ƙi gyaɗa. Kwana biyu, ya zame daga kan sandarsa, da ƙyar ya hau. Tsoro ya kama Yalwa. Ni da nake ba ku labari ban ga laifinta ba, don wanda ya taɓa rashi ba ya yarda da gobe. Ta ce a ranta, wannan ba zai kai ba, zai tafi min da yaron nan. Ta sa hannu ta kamo ƙarami.

Tsoho ya ce, "Iya, kada!"

Ta tura shi ciki, ta rufe ƙofa.

Kafin ta ja da baya, keji ya rikice. Fuka-fuki, ƙara, gashi na tashi. Tsoho ya kai sara, ƙarami ya rama, kuma bakin ƙarami sabo ne. Ko da ta buɗe, tsoho na kwance, jini na bin wuyansa.

Ya dube ta da ido ɗaya, ya ce, "Kwana biyar suka rage, Iya. Da zan kai." Ya miƙe ƙafa, ya mutu.

Yalwa ta ɗora hannu a ka. Jatau ɗan fari ne, tun da ta haife shi kunya ba ta bar ta ta kira sunansa ba. Ran nan ta kira. "Jatau! Wayyo Jatau, na kashe ka da hannuna!" Sau uku ta faɗa, har maƙwabta suka sheƙo.

Washegari ta kawo wa ƙarami gyaɗa. Ta durƙusa, ta ce, "Faɗa min biyun da ka koya."

Ya ce, "Iya, na neme su, babu. Tsoro ya share su. Abu ɗaya ya zauna."

Ya buɗe baki. Muryar Yalwa ce ta fito, sak: "Jatau! Wayyo Jatau, na kashe ka da hannuna!"

Ta kasa sakinsa, ta kasa yanka shi, don shi kaɗai ya rage mata mai rai a gidan. Aku kuwa tsuntsu ne mai tsawon kwana. Da muryar nan take tashi kowace safiya, har ta mutu.

Ku da kuke ji, in an ce muku baƙo sai ya yi kwanakinsa, ku bar shi ya yi su.

Ƙurunƙus, kan ɗan ɓera ya faɗa toka. In ƙarya ce, Gizo ya saƙa ta, ni dai kawo muku na yi.