Motar Verlon Mai Shan Giya

Akwai wani mutum a ƙauyenmu, can cikin duwatsun Tennessee, ana ce masa Verlon Tackett. Abu biyu aka san shi da su: dafa giyar masara a ɓoye, da tseren mota.

Tukunyar tagullar da yake dafa giyar tana bayan rumbunsa, a bakin rafi. Wurin mahaifinsa, Baba Harlan, ya gaje ta. Tsohon ya daɗe da barin sana'ar ya koma jagoran waƙa a coci, amma in an miƙo masa kwalba ranar biki ba ya mayar da hannu.

Duk Asabar da rana muna taruwa a tsohon filin jirgin da aka daina amfani da shi. Motoci biyu su jera, a ɗaga tuta, su fizga a miƙe, kafin ka ƙifta ido an gama. Babu wata kyauta ta a zo a gani. Suna kawai ake nema, kuma Verlon ya samu sunan har ya yi masa yawa.

Kafin kowane tsere yana da wani wasa da yake yi. Sai ya buɗe but ɗin baƙar motarsa, ya ɗauko babbar kwalba irin wadda yake zuba giyarsa, ya ɗaga ta sama.

"Ku gani da idonku!" in ji shi. "Motocinku fetur suke sha, tawa kuwa giyata take sha. Wanda ya iya dafa irinta ya fito!"

Sai ya tuttula a tanki, jama'a su ɗauki ihu.

Matarsa Oleta ce kaɗai ta san gaskiya. Abin da ke cikin kwalbar ba giya ba ne. Man tsere ne da yake sayowa a wani gari, fari tas kamar ruwa, warinsa ma kusan na giya. Amma guba ne. Kaɗan daga cikinsa yana makantar da mutum, da yawa kuma ya kai shi kabari.

"Baban Ardith, ka raba kanka da wannan wasan," ta sha gaya masa, tana kiransa da sunan 'yarsu. "Ko alama ce ka sa wa kwalbar mana."

"In sa alama kowa ya gane? Ke dai ki ji da tukunyar wakenki. Makullin but ɗin nan a aljihuna yake kwana."

Akwai kuma wani makaniki, Lonzo Pruitt, mutum mai sanyin hali, da ke shiga tseren da tsohuwar motar da yake kai 'ya'yansa makaranta da ita. Bai taɓa cin Verlon ba, Verlon kuma bai taɓa ƙyale shi ba.

"Lonzo, yau ma ka fito da akwalar? Ka tabbata ka sauke kayan cefanen madam kafin a ɗaga tuta?"

Lonzo ya kan yi murmushi ya ce, "Na sauke, ranka ya daɗe. Mu je dai."

Wata Asabar, wasu 'yan tsere suka zo daga jihar da ke maƙwabtaka da mu da motar da ake ta ba da labarinta. Filin ya cika maƙil. Verlon ya yi wasan kwalbarsa, ya zuba rabi a tanki, ya mayar da sauran but. Cikin zumuɗi ya manta bai kulle ba.

Ya kuwa cinye su, da tazarar da ba ta kai tsawon hannu ba.

Aka tura motar gefe, aka ɗaga shi sama ana zagaya fili da shi. Da aka sauke shi ya dawo wurin motar, sai ya tarar da but a buɗe. Baba Harlan na tsaye da kwalbar a hannu, yana goge baki da bayan hannunsa. Abin da ya rage a ciki bai fi ya rufe gindinta ba.

"Ɗana, wannan karon ka cika mata wuta," tsohon ya ce yana dariya. "Har ta zagaya, kowa ya ɗanɗana ta zakara."

Verlon ya dubi kwalbar. Ya dubi mahaifinsa, ya dubi taron da ke kiran sunansa, ya dubi baƙin da ya cinye suna tsaye suna kallo. Kalma ɗaya ce za ta fita daga bakinsa a kwashe mutane zuwa asibiti. Amma kalmar nan za ta nuna duk shekarun nan ƙarya yake yi, kuma 'yan sanda za su bi sawu har bakin rafi.

Ya ce a ransa, ai kurɓi ɗaya-ɗaya ne, ga su nan garau suna dariya.

Sai ya karɓi kwalbar, ya jefa a but, ya rufe. Ya yi shiru.

A gida Oleta ta ga kwalbar, ta tsaya cak.

"Ina sauran?"

"Na ƙara wa motar."

"Baban Ardith, dube ni. Ka tabbata?"

"Na ce miki na ƙara wa motar! Ko sai na rantse?"

Ta juya ta ci gaba da yanka burodin masara.

Washegari Lahadi, coci ta cika. Ardith, 'yar Verlon tilo, wadda ake shirin aurenta a lokacin kaka, ta zauna kusa da uwarta tana dafe goshi. Ta ce kanta ke ciwo tun safe. Verlon ya lura da wasu mutum biyu a baya su ma sun sunkuyar da kai, amma ya kawar da fuska.

Baba Harlan ya miƙe ya ja waƙa kamar kullum. Ana tsakiyar baiti na biyu sai muryarsa ta yanke. Ya kawo littafin kusa da fuskarsa, ya nesanta shi, ya sake kawowa.

"Wane ne ya rufe tagogi?" ya tambaya.

Rana tana haskowa ta kowace taga. Babu wanda ya yi motsi.

"Jama'a, hayaƙin me ne wannan? Ba na ganin ku. Verlon! Kana ina?"

Littafin ya faɗi. Tsohon ya lalubi bango bai samu ba, ya zube a gaban mutane.

Verlon ya miƙe. Mutumin da muka saba jin muryarsa daga ƙarshen fili, yau da kyar maganar ta fito.

"Guba ce. Kwalbar jiya ba giya ba ce, man tsere ne. Motata ba ta taɓa shan giya ba, ƙarya nake yi. Don Allah duk wanda ya sha ya ɗaga hannu."



Hannu ya fara tashi a baya. Wani a gefen taga. Mai gidan mai. Ɗan'uwan fasto. Verlon yana bin su da ido, har idonsa ya dawo kan bencinsu.

Ardith ta ɗaga nata hannun a hankali.

"Baba, Kaka ne ya miƙo mini. Ya ce in sha don murnarka."

Oleta ba ta yi kuka ba. Ta juyo ta kalli mijinta.

"Tun jiya ka sani?"

Ta matso kusa da shi.

"Na tambaye ka a gida, ka dubi idona. Verlon, tun jiya ka sani?"

Ta ɗauke shi da mari a gaban fasto, babu wanda ya riƙe ta.

Wuri ya hargitse. Asibitin da zai iya wannan aikin yana birni, bayan tsaunuka, motar asibiti kuwa kafin ta hauro ta koma an makara. Verlon ya ruga wurin baƙar motarsa da ya zo da ita don a ƙara yaba masa, ya buɗe ƙofa, sai ya tsaya. Kujera ɗaya ce a ciki, tun tuni ya cire sauran don ta yi sauƙi. Tankinta kuma ɗan ƙarami ne na tsere, ko gadar bakin gari ba zai kai ta ba.

Motar da ta fi kowace gudu a yankin, ba za ta iya kai 'yarsa asibiti ba.

Sai ga Lonzo ya ja birki a gabansa, ƙofofi a buɗe.

"Ku sa tsohon a baya. Oleta, riƙe yarinyar, kar ki bari ta yi barci. Kai kuma shiga gaba."

"Lonzo, ni..."

"Ba yanzu ba. Shiga!"

Sauran aka raba su a motocin mutane. Waɗanda suka bi bayan Lonzo sun ce ba su taɓa ganin tuƙi irin na ranar ba. Ya sha kwanoni a bakin rami kamar an zana masa hanya, har ƙofar asibiti.

Likitar da ta karɓe su ta tambayi lokacin da suka sha. Da aka ce mata tun jiya da rana, sai ta cire tabarau ta dubi Verlon.

"Da jiyan kuka kawo su, da duk sun koma gida da idonsu."

Ɗan'uwan fasto bai fito da rai ba. Ya bar mata da ƙananan yara. Mai gidan mai da sauran sun warke bayan doguwar jinya. Ardith ta tsira, amma idonta na hagu ya tafi. Baba Harlan kuwa bai sake ganin hasken rana ba.

'Yan sanda suka farfasa tukunyar bakin rafi, kotu ta ɗaure Verlon. Auren Ardith da aka ɗaga aka yi shi ba ya nan, Lonzo ne ya tsaya mata a matsayin uba.

Bayan shekaru ya fito, gashinsa ya yi fari. Ya tarar da mahaifinsa a kujera a barandar gida, fuskarsa na kallon hanya.

"Baba, ni ne."

"Na gane tafiyarka. Zauna."

Ya zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa. 

"Abu ɗaya nake so in ji daga bakinka, ba daga bakin lauya ba," tsohon ya ce. "Lokacin da ka zo ka same ni da kwalbar a hannu, ina maka dariya, ka san abin da na sha?"

"Na sani, Baba."

"Ka kuma bar ni na tafi gida."

"Na bar ka."

Baba Harlan ya gyaɗa kai. Ya lalubo kan ɗansa ya dafa.

"Ni ma ina da nawa. Ni na koya maka dafa ta, ni kuma na miƙa wa jikata. Kullum ina zaune a nan da wannan." Ya yi ajiyar zuciya. "Tashi ka kama hannuna. Akwai matar da ka mayar gwauruwa, gidanta za mu fara zuwa."

Verlon ya tashi ya kama hannunsa, suka sauka daga barandar.

Darasi: Kuskure yana faruwa da kowa, amma girman kai ne ke mayar da shi musiba. Manta makulli bai kashe kowa ba, shirun da Verlon ya yi don kare sunansa ne ya ci rai da idanu. In ka yi ɓarna, faɗi tun ana iya gyarawa, kunyar yau ta fi nadamar har abada sauƙi. Ka guji kayan maye, kar kuma ka raina mutum don abin hawansa. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai, wataƙila akwai wanda ke riƙe da wata gaskiya yau yana jin nauyin faɗa.