Satifiket Ɗin da Inna Mai Keke Ta Mayar

'Yan'uwa na wannan shafi, Allah ya sa kuna lafiya. Akwai wata dattijuwa mai ɗinki da kowa ke kira Inna Mai Keke, saboda keken ɗinkinta da ya tsufa a bakin taga.

'Yarta ta ƙarshe, Auta, kurma ce. Zazzaɓi mai tsanani ne ya tafi da jinta tun tana ƙarama. Ta yi makarantar kurame ta iya rubutu tsaf, amma a gida da hannu suke hira da uwarta. Inna na taka keke, Auta na zaune a kan tarin ƙyallaye tana zuba mata labari da yatsu, har Inna ta karkace ɗinki don dariya.

Da aure ya kai Auta gari mai nisa, hirar ta yanke. An gwada kiran bidiyo a wayar maƙwabciya, sai hoton ya daskare da hannun Auta a sama, magana rabi. Saƙon rubutu kaɗai ya rage, Inna kuwa ko harafi ɗaya ba ta sani ba.

Duk saƙon da ya shigo, sai ta yafa mayafi ta kai wa mai cajin waya a bakin titi. Ya karanta mata yana sallamar wani: lafiya lau, a gaida kowa. Kullum haka. Inna ta san 'yarta ba gajeriyar magana gare ta ba. Auta ta san akwai baƙo a tsakani, shi ya sa take taƙaitawa.

Wannan ne ya kai Inna ajin manya. Bayan la'asar ake yi, a ajin 'yan firamare idan sun tashi, a kan ƙananan kujerun da gwiwa ke tokare tebur.

Malamarsu mutuniyar kirki ce, amma tana da wata hanya. A baya ta ga yadda matan da suka faɗi jarrabawa kunya ke hana su dawowa, sai ta zaɓi labari guda na wanke hannu, ta rubuta shi a allo. Shi ake rerawa tare kullum, shi ne kuma jarrabawar ƙarshen shekara. Kowa ya ci.

Ranar raba satifiket, Mai Sabulu, wadda ke zama kusa da Inna, ta ce za ta rataye nata a saitin gadon maigida, don ya san yanzu da farfesa yake zaune.

Inna ta dawo gida da nata a jaka, sai ga saƙon Auta. Ta yi bismilla ta buɗe. Ta gane harafi nan, ta gane wani can, amma sun ƙi haɗuwa su zama magana. Ta daɗe tana kallon wayar kamar mai leƙen 'yarta ta ƙofar da aka kulle. Ƙarshe ta yafa mayafi ta nufi bakin titi, da satifiket ɗin a jakarta.

Washegari ta ajiye shi a teburin Malama.

"Malama, ki riƙe mini. Bai zama nawa ba tukuna."

Malama ta ce ai ta ci, da idonta ta ga ta karanta labarin ba gargada.

Inna ta ce, "Labarin a kaina yake, 'yata, ko ido rufe zan kawo miki shi. Ni kuwa Auta ba ta taɓa aiko mini labarin wanke hannu ba."

Malama ta ajiye satifiket ɗin a durowa. Maganar ta tsaya mata a rai, har ta kai ta zaman da malaman azuzuwan manya ke yi da mai duba su. Aka yi ta ja. Wasu suka ce in aka tsananta, aji zai watse. Mai duba azuzuwan ya ce kafin a yi gardamar jarrabawa, a fara yarda da abin da ake so mutum ya iya idan ya fita, kuma a tambayi masu karatun.

Aka tambaya. Wata tana so ta karanta jikin kwalbar maganin mijinta. Wata sakamakon makarantar ɗanta. Wata rubutun gaban mota, don ta daina tambayar kwandasta. A kan haka aka tsaya: wanda ya gama ajin farko zai karanta gajeren saƙon da bai taɓa gani ba, ya faɗi ma'anarsa da bakinsa, ya rubuta amsa. Daga nan aka tsara jarrabawa, darasin ma ya canja. Malama ta koma zuwa da kwalayen magani da ledar sabulu, kowa ya karanta shi kaɗai.

Matan aji ba su gode wa Inna ba. Mai Sabulu ta ce muna zaman zamanmu da farfesancinmu, kin mayar da mu 'yan aji ɗaya.

Da sabuwar jarrabawar ta zo, Mai Sabulu ta ci. Inna ta faɗi. Ta karanta saƙon, amma wajen amsa ta yi ta rubutawa tana gogewa har aka karɓi takardu. Mu da muka koyi karatu da girma mun san wannan halin.

Mai Sabulu ta tarar da ita a baranda tana goge ido da bakin mayafi.

"Ke kika jawo mana ita, ga shi ke ta kayar. Tashi, Yaya, ba ni lambarki."

Tun daga ranar, kullum da safe sai saƙon Mai Sabulu ya shigo: tsohuwa, kin tashi? Idan Inna ba ta amsa a rubuce ba, sai ga ta a bakin taga tana tsiya. Inna ta manna kwalin zare a jikin keke tana haɗa haruffansa, tana roƙon Allah a kowace sujada ya buɗe mata.

Zagaye na gaba ta ci. Malama ta buɗe durowa ta miƙa mata tsohon satifiket ɗin nan da hannu biyu.

Inna ba ta tsaya hira ba. Ta zauna a gaban kekenta, ta danna haruffa ɗaya bayan ɗaya: Auta, ni ce da hannuna. Ba kowa a tsakani.

Ta tura, ta ajiye wayar a kan keke. Can ta yi ƙara, ta sake, ta sake. Ba wani babban labari ba ne. Tagar ɗakin Auta da ke kallon bishiya, maƙwabciyar da ta koyi gaishe ta da hannu, wuyan rigar da ta yanka ya karkace. A ƙasa Auta ta rubuta: Inna, na gaji da lafiya lau.

Ranar ɗinkin mutane ya kwana a kan keke.

Darasi: Tausayin da ke ba mutum shaidar abin da bai iya ba, a bakin ƙofa yake barin sa. Ku masu koyar da manya, ku fara sanin me ya kawo su, ku koyar da shi, ku gwada su a kansa. Ke kuma da kika faɗi, Allah yana ganin haƙurinki, ki koma. Ku tura wa malamin da kuka sani, wadda ba ta iya karantawa ba kuma ku karanta mata.