Ruwan Maganin Kaji da Ƙafar Auta

Akwai wani mai kiwon kaji da gidan kajinsa ke bakin kogi. Kowace safiya sai ya kaɗa garin magani a ruwan shansu, ko suna ciwo ko lafiyarsu ƙalau. Sauran ruwan kuma, da na wankin kashinsu, sai ya kora ta kwata zuwa kogi.

Wata rana wani tsoho mai lambu a gangaren kogin ya zo ya same shi.

"Ɗana, ruwan nan da kake sakowa, a cikinsa yara ke wanka fa."

Mai kaji ya yi dariya. "Baba, ruwa mai gudu ai ba ya riƙe datti. Kuma magani ne, ba guba ba. Kyauta nake yi wa kifinku jinya, ko godiya babu."

Tsoho ya saɓa fartanyarsa ya tafi.

Ba a rufa wata biyu ba, 'yarsa Auta ta bi yayarta wanki kogi, fasasshiyar kwalba ta yanke ta a diddige. Uban ya fasa kafso, ya barbaɗa garin a kan ciwon, ya ɗaure da tsumma.

Matarsa ta ce, "Baban Auta, mu kai ta asibiti mana."

"Kwana biyu za ki ga tana tsalle."

A kwana na huɗu ƙafa ta kumbura suntum, jikin yarinya kamar garwashi. Sai asibiti.

Aka yi allurar farko, ciwo bai ko gezau ba. Aka canza wata, kamar ana zuba ruwa a rariya. Likita ta ɗauki biro ta ja layi a ƙasan gwiwar Auta.

"In kumburin ya haye nan, sai mun yanke ƙafar don mu tsira da ranta."

Mai kaji ya dafa ƙarfen gado.

Da sakamakon gwaji ya fito, likita ta karanto sunayen magungunan da ƙwayar cutar ba ta jinsu. Biyu daga ciki ya san su kamar yunwar cikinsa. Su ne a jikin ledojin maganin kajin da yake yagewa kullum safiya.

"Ƙwayar cuta in ta daɗe tana shan magani kaɗan-kaɗan, sabawa take yi," in ji likita. "Akwai masu zubar da magani a kogin nan?"

Matar mai kaji ta juyo ta kalle shi.

Magani ɗaya ya rage, aka ɗaura shi a ƙarin ruwa. Kwana uku mai kaji yana zaune yana auna tsakanin kumburi da layi da yatsunsa. Yatsa uku. Yatsa biyu. Yatsa ɗaya.

A nan kumburin ya tsaya.

Ƙafa ta tsira, amma sai da aka yanke ruɓaɓɓen naman diddigen. Ranar da aka sallame su ya toshe kwatar da siminti, ya daina ba lafiyayyun kaji magani. Sai dai har yau, in Auta za ta tafi makaranta, yana jin takunta a tsakar gida, ƙafa ɗaya na sauka, ɗaya na jan ƙasa.

Darasi: Abin da ka zuba a kogi bai tafi ba, gidan wani ya nufa, wataƙila ma naka. Kada a sha magani ko a ba dabba sai da izinin masani, kada kuma a raina gargaɗin babba. Ku tura wa 'yan uwa, musamman masu kiwo da mazauna bakin ruwa.